Jajayen Ɗigo a Ƙofar Gwaggo Laraba

Matta ɗiyar marigayi Sule ta shekara shida tana aiki a shagon hoto na Malam Maharazu a Funtua kafin ta mallaki kyamarar kanta. Ta hannu ce, robar gefenta ta ɗaye, amma idonta garau. Da ita take ɗaukar biki da suna da taron zumuntar mata. Abin da ranta ya fi so kuwa hoton dare ne, wanda babu mai saye. Sai an kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku, a bar idonta a buɗe minti uku ko huɗu tana tara haske kaɗan-kaɗan, har taurarin da idon mutum ba ya gani su fito.

Malam Maharazu ne ya koya mata. Ranar farko da ta kawo masa hoton sama cike da wasu ɗige-ɗige, dariya ya yi.

"Waɗannan ba taurari ba ne, Matta. In ido ya daɗe a buɗe, cikin kyamarar yakan ɗauki zafi, sai ta riƙa zuba ɗigon ƙarya, ja da shuɗi da fari. Babu su a waje, daga cikinta suke. Ga maganinsu nan a saiti. In kin kunna shi, bayan ta gama hoton sai ta rufe ido ta sake ɗaukar duhu zalla, daidai tsawon na farko. Duk ɗigon da ta gani a duhun nan ta san nata ne, sai ta share shi daga hoton. Illarsa ɗaya ce, jira. Hoton minti huɗu zai koma takwas, batir kuma na ci."

Ta riƙe wannan kamar sunanta.

Ranar Asabar ta jajiberin Ista ta tafi gida. Ƙauyensu, Gidan Gwadabe, tafiyar minti arba'in ce a babur daga Malumfashi, gida bai fi talatin ba. Tun zamanin mahaifinta kowa ya shiga coci, ban da mutum ɗaya: Gwaggo Laraba, yayar mahaifin nata. Tsohuwa ce doguwa busasshiya, mijinta ya mutu, 'ya'yanta biyu sun mutu tun suna ƙanana, ta dawo gidan ubanta ta gina ɗaki a bakin gari kusa da wata tsamiya. Tana kiwon awaki, tana daddawa, kuma duk gabanin damina takan yanka jan zakara a gindin tsamiyar kamar yadda ubanta yake yi. Ita ce ungozomar garin shekara arba'in. Kowa ya san hannunta na da kyau, kowa kuma ya san bakinta ba shi da linzami.

Matta ta tarar da mata a ƙofar gidan yayanta Job suna surfen shinkafar biki, Gwaggo na zaune a kan turmi tana tsinke yakuwa. Ta durƙusa ta gaishe ta, kyamara na rataye a wuyanta.

"Wa nake gani? Ɗiyar Sule?" Gwaggo ta kare ido da hannu kamar mai hangen nesa. "Sa'o'inki na zuwa da goyo a baya, ke kin zo da ƙarfe a wuya. Me yake ci, in dama mashi kunu?"

Mata suka kwashe da dariya. Matta ta yi yaƙe, ta yunƙura za ta tashi.

"Zauna, ban gama ba. Shekara talatin da biyu, ni na yanke maki cibi, ba mai ruɗa ni. Shi malamin makarantar nan da ya sa maki rana ya gudu, ashe yaro ne mai hankali. An ce matar da ya ɗauko har ta haihu."

Wannan karon dariyar ba ta yi ƙarfi ba, amma an yi. Dorkas, matar Monday maƙwabcinsu, ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Matta ta shige ɗaki, ta zauna a bakin gado, ta daɗe ba ta cire takalmi ba.

Da aka ci tuwon dare ta ɗauki sanda da kyamara ta fita, don kada ta zauna a cikinsu. Bazara ce, ƙasa na fitar da hucin da ta sha da rana. An yi ɗan yayyafi ranar Alhamis da ya wanke sama, wata kuma bai fito ba. Duk garin babu wurin da ya kai bakin tsamiya kyau, don haka can ta nufa. Ta kafa sandar daga nesa, ɗakin Gwaggo a ƙasa, tsamiya a gefe, taurari a sama. Da ta duba batir sai ta ga saura layi ɗaya, garin kuma babu wuta. Ba ta da minti takwas na kashewa. Ta shiga saiti ta kashe mai share ɗigo, ta danna, ta koma gefe ta tsuguna.

Ana cikin haka Gwaggo ta fito da 'yar fitilarta, ta zauna a dokin ƙofa kamar minti ɗaya tana shan iska, ta yi kaki ta tofar, ta koma ciki.

Da hoton ya fito a allo, Matta ta ja shi ta ƙara girma. Taurari sun ja 'yan gajerun wutsiyoyi, yadda suke yi in ido ya daɗe a buɗe. Ɗigon ƙarya kuwa ga su nan birjik saboda zafin daren, a kan jinka, a kan bango, a jikin tsamiya. Biyu daga ciki jajaye ne manya, kusa da juna, daidai saman ƙofa. A ƙarƙashinsu ga Gwaggo a zaune, amma da yake ba ta zauna duka minti huɗun ba, jikinta ya fito shara-shara kamar hayaƙi, ana ganin ƙyauren ɗaki ta cikin ƙirjinta. Hoto ya lalace. Matta ta ja tsaki ta naɗe sanda.

Job na zaune a waje kan benci yana latsa waya. Shi ne shugaban matasan coci, mutum mai babbar murya wanda ba ya son taro ya watse bai yi magana ba. Ya ce ta nuna masa abin da ta samo. Ya daɗe yana kallo.

"Waɗannan jajayen fa?"

Amsar gaskiya na bakinta. Sai ta tuna kafaɗun Dorkas.

"Idanun Gwaggo ne, Yaya," ta ce. "Na dare. Na rana suna hutawa."

Ta yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce ta tura masa, ta tura daga kyamara zuwa wayarta, daga wayarta zuwa tasa, ta je ta kwanta. Ta yi barci mai daɗi.

Kafin a tashi daga sujadar Ista hoton ya shiga kowace waya a garin. A harabar coci mutane suka yi gungu-gungu, kai a haɗe, ana jan allo da yatsu biyu. Tsofaffin da ba su da waya ana kai musu har inda suke zaune. Matta ta fito sanye da sabon leshi, ta ga duk ido ya dawo kanta, kuma ba irin kallon jiya ba ne. Matan da suka yi mata dariya su ne suka kewaye ta.

"Matta, don Allah da gaske ne? Ba haɗawa kika yi ba?"

"Ni ban haɗa komai ba," ta ce. "Abin da kyamara ta fitar ke nan."

Ba ƙarya ta yi ba, ta gaya wa kanta. Ta kai batir ɗinta wurin janaretan coci aka sa mata caji kafin na kowa. An kawo mata cinyar kaza ba ta roƙa ba. Da yamma ta hango Gwaggo ta zo karɓar shinkafar biki kamar kowace shekara, ta ga yadda mata suka janye 'ya'yansu, yadda aka zuba mata a kwano aka tura da ƙafa. Gwaggo ta dubi kwanon, ta dube su, ta ce, "Yau kuma wace sabuwar hauka ce ta sauka?" Ta ɗauki abinta ta tafi. Matta ta ji wani sanyi a ranta. Ta ce wa kanta gobe kafin ta koma Funtua za ta yi musu bayani. Kwana ɗaya dai, tsohuwa ta ɗanɗana.

Da asubahin Litinin kukan Dorkas ya tashe ta. Ɗiyarta Ƙauna, 'yar shekara shida, ta kwana da zazzaɓi da amai, yanzu wuyanta ya sanƙare, kanta ya karkata baya, ko hasken taga ba ta so. Matta na leƙawa ta gane. Ta ga irinsa a Funtua bazarar bara.

"Sanƙarau ne," ta ce wa Monday, uban yarinyar. "Ka ɗauko babur yanzu, ku tafi asibitin Malumfashi. Yanzu-yanzu."

Monday ya juya zai fita, sai Dorkas ta riƙe rigarsa.

"Ranar Juma'a ta ba ta ƙuli-ƙuli," ta ce. "Gwaggo Laraba. Ta kira ta har ƙofar ɗaki ta ba ta, ta shafa kanta. Ƙofar nan ta cikin hoto."

Wata tsohuwa ta ce in kurwa aka kama, allurar asibiti ƙarasa mutum take yi. Fasto ya tafi taron gunduma tun daren jiya, ba zai dawo ba sai Laraba. Babu wanda ya ce a kira shi a waya. Kafin rana ta ɗaga, Job da samari biyar sun je sun taho da Gwaggo, ɗankwalinta a hannun ɗaya daga cikinsu, suka zaunar da ita a ƙasa a gindin darbejiyar ƙofar gidan Monday. Gari duka ya fito.

Matta ta ruga ɗaki ta ɗauko kyamara. Batir ya faɗi sau biyu kafin ya shiga. Ta kutsa tsakiyar taron.

"Jama'a, ku saurare ni. Wasa na yi. Ɗigon nan ba idon kowa ba ne, dattin kyamara ne, zafi ke kawo shi. Zan nuna maku."

"Jiya ba haka kika ce ba," in ji Dorkas daga bakin ƙofa.

"Na ce zan nuna maku!"

Ta ɗaga murfin idon kyamarar sama kowa ya gani, ta rufe idon da shi, ta naɗe da ɗankwalinta a kai. Ta ce su shaida, babu hasken da zai shiga, babu abin da za ta gani, ko Gwaggo ko tsamiya. Ta sa minti huɗu kamar na ranar Asabar, ta danna, ta ajiye a kan benci.

Minti huɗu a cikin rana, mutum ɗari na tsaye, suna da tsawo. Daga cikin ɗaki ana jin nishin yarinyar. Gwaggo na zaune ta miƙe ƙafafu, furfurarta a waje, tana kakkaɓe ƙasa daga gwiwar hannunta da ta ƙuje.

"Ashe ke ce," ta ce wa Matta, ba tare da ɗaga murya ba. "Don na ce ba ki da miji? To yanzu kin samu?"

Kyamara ta yi ƙit. Matta ta ɗauka ta juya allon ga jama'a. Baƙi ƙirin, sai ɗige-ɗige a warwatse, kuma ga manyan jajayen nan biyu kusa da juna, a daidai inda suke a hoton farko.

"Kun gani? Ido a rufe, ga su nan. Daga ciki suke."

Wata mata ta ƙwalla ƙara. Na gaba suka ja da baya har suna taka na baya.

"Daga ciki!" in ji wani saurayi. "Ta shiga ciki! Ta bi hoton ta shige cikin na'urar!"

"Ba haka nake nufi ba. Ku tsaya. Akwai saitin da ke share su, ni na kashe shi saboda batir. Bari in kunna ku gani."

Ta kunna mai share ɗigo, ta sake dannawa. Tana ajiyewa Job ya sa hannu ya ɗauke kyamarar daga benci. Ya ɗaga ta sama da hannu biyu, ya rufe ido, ya fara addu'a da muryar nan tasa da ake ji har rafi. Ya umarci kowane ikon duhu ya fita. Mata suka kama waƙa, samari na amsawa da amin. Matta na ta cewa, "Yaya, ba ni, minti takwas ne, dole sai ta yi takwas," babu mai jin ta. Minti huɗu na farko suka wuce, kyamara ta shiga ɗaukar duhunta na biyu, ɗan jan haske na ƙiftawa a bayanta, Job na zufa yana ƙara murya. Da ta yi ƙit ya sauke ta ya duba, sannan ya juya allon.

Baƙi tas. Ko ɗigo ɗaya babu.

Ihun da aka yi har awaki suka tsinke. Wasu suka durƙusa. Dorkas ta faɗi ƙasa tana godiya. Matta ta fizge kyamararta.

"Saitin ne! Ni na kunna shi a gabanku! In na kashe za su dawo, ku bari in..."

Job ya kama damtsenta ya ja ta bayan darbejiya, ya matso da bakinsa kusa da kunnenta. Numfashinsa na warin goro.

"Kashe ki gani," ya ce. "Ki dawo da su bayan an kore su, a gaban mutanen nan. Tun jiya ake tambayata yadda aka yi duk masu waya a garin nan ke kaɗai ke iya ɗauko su. Mace ba miji, ba ɗa, tana yawo gindin tsamiya da dare. Ni na rufe bakinsu. Kina so ki zauna kusa da ita?"

"Yaya, ka san gaskiya. Kai ka san wasa na yi maka."

"Ni abin da na sani, na yi addu'a sun tafi."

Ya sake ta. Yatsanta na kan maɓallin saiti. Dannawa uku ne kawai, da jiran minti huɗu. Ta dubi samarin, ta ga biyu na riƙe da taɓare, ɗaya kuma yana kallonta. Ta kashe kyamarar, ta sa a jaka, ta ja zif.

Abin da ya biyo baya a gabanta aka yi shi. Aka fito da Ƙauna a kan tabarma aka shimfiɗe a rana. Aka ce Gwaggo ta tuɓe ta tsallaka ta sau uku, ta saki kurwar. Gwaggo ta ce ba za ta yi ba.

"Ni na fito da yarinyar nan daga cikin uwarta, da ƙafa ta zo, kwana na yi ina juya ta. Kai Monday ni na yanke maka cibi. Kai ma Job, da ƙaton kanka da ya kusa kashe uwarka. In cin mutane nake yi, da tun kuna da taushi na cinye ku. Ku kai ta asibiti, shashashai."

Wani ya sauke mata taɓarya a kafaɗa. Ba su jira ta kwance zanen ba, fizge shi aka yi. Tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu ta tsaya tsirara a gaban yaran da ta yi wa wankan farko, hannu ɗaya na lilo, ɗaya ta rasa inda za ta rufe da shi. Wayoyi suka tashi sama. Ta tsallaka sau ɗaya, ta tsallaka na biyu, a na uku ƙafarta ta harɗe da tabarma ta faɗi a kan gwiwa, aka ce bai ƙirgu ba, ta sake. Aka ba ta ruwa ta kurkure baki ta zuba a kwano, aka ɗura wa yarinyar da ba ta iya haɗiya. Matta na tsaye da jaka a rungume a ƙirji. Ba ta rufe ido ba.

Aka zauna jiran sauƙi. Sai da la'asar ta yi, yarinya ta fara fizge-fizge, sannan Monday ya tashi babur ba tare da ya nemi shawarar kowa ba, Dorkas ta hau baya da ita a hannu. Ƙauna ta rasu a asibiti washegari da hantsi. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe su ta tambaye su tun yaushe wuyan ya sanƙare, da suka faɗa mata sai ta dube su kawai ta ci gaba da rubutu. A gari kuwa aka ce tsohuwa ta riga ta cinye kafin a kama ta.

Ana dawowa daga maƙabarta aka cinna wa ɗakin Gwaggo wuta. An bar ta ta fita da zane ɗaya da ƙullin kaya. Awakinta bakwai aka ce ba za a bar su su bi ta ba, a daren aka yanka biyu. Ta bi hanyar Malumfashi da ƙafa, hannun nan a saƙale cikin zane, yara na bin ta da jifa har gadar rafi. Fasto ya dawo ranar Laraba ya tarar da toka. Ranar Lahadi ya yi wa'azi mai zafi, ya kira abin da sunansa, har ya yi kuka a kan bagade. Kowa ya ce amin. Babu wanda ya je nemanta.

Matta ba ta ji wa'azin ba, tun ranar Talata ta koma Funtua. Bayan mako biyu Malam Maharazu ya shigo shago da waya a hannu. Hoton ya iso shi ta wani zauren hira na 'yan kasuwa a waya, an zagaye jajayen ɗigon da alƙalami, an rubuta a ƙasa cewa an kama mayya a wani ƙauyen Kaduna.

"Dubi wannan shirmen," ya ce. "Wani ne ya manta bai kunna saiti ba, ga shi ana ta salati a kai." Ya ƙara jan hoton, ya tsaya. Shekara biyu yana gyara hotunan kyamarar Matta a kwamfuta, ya san inda ɗigonta suke zama. Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. Ita tana yanka hotunan fasfo, ba ta ɗago ba. Daga ranar dai bai sake barin ta ita kaɗai da makullin shago ba, kuma gaisuwarsa ta koma kalma biyu.

A watan Agusta wani dillalin hatsi ya ɗauke ta aikin hoton sabon sito da ya gina a kasuwar Funtua. Ta gama, tana ratsowa ta layin da ake sauke masara, sai ta ga tsofaffin nan masu tsintar abin da ya zube daga buhu, kowace da tsintsiya da ɗan kwano, suna bin bayan 'yan dako. Ɗaya doguwa ce, tana shara da hannun hagu, na dama a manne a ciki. Ta rame har wuyanta ya zama kamar igiya.

Matta ta so ta wuce. Ta yi taku uku ma, sannan ta dawo ta durƙusa a cikin ƙaiƙayi.

"Gwaggo. Ina wuni."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. Idon nan bai canja ba.

"Gwaggo, a ina kike kwana? Ina da ɗaki a nan garin. Ki zo mu tafi, in kai ki a duba hannun. Ni na jawo maki, na sani. Ki yafe mani."

Gwaggo ta ajiye tsintsiya. Ta dubi abin da ke rataye a wuyan Matta.

"Kin zo ɗauka ne?" ta ce da ƙarfi, yadda 'yan dako za su ji. "To bari in gyara."

Ta zauna daɓas a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, ta gyara ɗankwali da hannu ɗaya, ta ɗora kwanon tsintar a cinya. Ta ɗaga haɓa ta washe baki, haƙora uku a ciki.

"Ko in tuɓe? Wancan karon sai da na tuɓe. Jama'a, ku matso, ɗiyar ƙanena ce, mai hoto. Ta iya aiki. Ɗauki mana, ɗiyar Sule, rana na yi mani zafi."

'Yan dako suka tsaya da buhuna a ka suna dariya, sun ɗauka wasa ne irin na jika da kaka. Wani ya ce, "Hajiya, ɗauke ta mana, tsohuwa ta yi kwalliya." Matta ta tashi, gwiwoyinta duk ƙaiƙayi, ta kutsa tsakanin motoci biyu. Har ta kai bakin titi tana jin muryar na kiranta.

Ta koma kasuwar bayan kwana huɗu da ledar magani da sabon zane. Sauran tsofaffin suka ce doguwar ta daina zuwa, ba su san inda take kwana ba, ba su ma san sunanta ba, Bamagujiya kawai suke ce mata. Ta sake komawa sau biyu, sannan ta daina.

Da kaka ta yi, Job ya aiko mata da rabin buhun masara ta hannun wani direba, da saƙon cewa ta filin bakin tsamiya ce, bana babu gonar da ta kai ta kyau a garin. Ya ce kuma kada ta manta, auren ƙanwar Dorkas ranar ashirin da bakwai ga Disamba ne, ita ce mai hoto. Ta kai masarar inji aka niƙa. Ranar ashirin da shida ta yi cajin batir biyu, ta hau motar Malumfashi.